Filin Amsa Wasiƙunku: Kanta Na Kabi Da Rigimar Rabon Ganima

Ina gaida manoma na bakin fadama, da 'yan kasuwa na cikin rumfa, da waɗanda ake karanta wa takardar nan a gindin bishiya bayan la'asar. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi ciniki lafiya.

Wannan mako wasiƙu uku na ware gefe guda. Daga garuruwa uku suka fito, amma duk magana ɗaya suka dosa.

Ta farko daga Jega take, daga wani dattijo mai sayar da hatsi wanda ya ce a sakaya sunansa. Ya ce shi Bakabe ne gaba da baya, kuma shi da maƙwabcinsa na rumfa sun fi shekara goma suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ran nan hira ta kai su kan Kanta, sai maƙwabcin ya ce ai Kanta bawa ne, kuma ɗan tawaye ne da ya ci amanar ubangidansa, wai ma a littafi maganar take. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba, har yaransu sun daina ara wa juna mudu. Ya rufe wasiƙarsa da cewa: "Malam, wanga batu ya hana ni kwana, don Allah a raba mu gardama."

Ta biyu daga Maiyama, daga wani ɗalibin sakandare da ya karanta labarin wani basaraken Turai mai suna Sharl na Bargandi, wanda aka ce diyuk ne. Yana tambaya mece ce wannan sarauta, kuma mu ma mun taɓa yin irinsa a ƙasarmu? Ta uku kuwa wani manomin albasa ne daga Aliero, yana son ya ji abin da ya sa ake ce wa uban ƙasar Jega Sarkin Kabi alhali kuwa ƙarƙashin Gwandu muke, sannan ina Surame take, ana iya zuwa a gani?

To, madalla. Bari in fara da kai ɗana na Maiyama, domin tambayarka ce za ta share mana fage. Diyuk sarauta ce ta ƙasashen Turai. Mai riƙe da ita yana da ƙasa, da talakawa, da mayaƙa, da baitulmali, amma a bisansa akwai babban sarki wanda ya yi wa mubaya'a. In kana son misali na kusa, dubi yadda sarakunan yanka suke kafin zuwan Turawa: kowa sarki ne a garinsa, amma yana kai gaisuwa Sakkwato ko Gwandu, in an yi kiran yaƙi ya amsa.

Shi wannan Sharl an haife shi a 1433, ya gaji ubansa a 1467. Ƙasarsa kashi biyu ce waɗanda ba su haɗu da juna ba. Ɗaya tana gabashin Faransa ta yau, ɗayar kuwa can arewa, inda Beljiyam da Holan suke yanzu, ƙasar masaƙa da fatake, tana cikin mafiya arziki a Turai a lokacin. Bisa al'ada, a kan wani sashe na ƙasarsa shi bara ne na Sarkin Faransa, Luwi na 11, amma ya fi ubangidan nasa ado da ƙasaitar fada. Sai ya ƙudura a ransa shi ma sai ya zama sarki mai cin gashin kansa. A 1473 ya je birnin Tiriya ya sadu da sarkin sarakunan Jamus, Firedirik na 3, don ya naɗa shi. Ana ta shirin biki, sai mai naɗin ya sulale ya shiga jirgin ruwa ya yi tafiyarsa, ko sallama babu. Daga nan Sharl ya faɗa yaƙe-yaƙe don ya haɗe ƙasashensa biyu. Mutanen Suwizalan suka karya shi har sau biyu a 1476. Ranar 5 ga Janairu, 1477, aka kashe shi a bakin birnin Nansi cikin tsananin sanyi, sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, da ƙyar aka shaida ta. 'Ya mace ɗaya ya bari, mai shekara 19. Sarkin Faransa ya ƙwace Bargandi, sauran ƙasar ta bi 'yar zuwa gidan mijinta, gidan sarautar Ostiriya. Mutanen Ingila jarumi suke masa laƙabi, Faransawa kuwa mai ganganci suke ce masa. Mutum ɗaya, suna biyu, ya danganta da bakin da sunan ya fito. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shin mun yi irinsa? Mun yi, har wanda ya fi shi wanyewa lafiya. Shekara 39 bayan mutuwar Sharl, a nan ƙasar da muke zaune, wani basarake da ke ƙarƙashin babban sarki ya ce shi ya daina bi, kuma maganar ta zauna. Shi ne Muhammadu Kanta, wanda wasu littattafai ke kira Kotal. To, Baba Alhaji na Jega, a matso kusa da rediyo, a kira maƙwabcin ma in zai zo.

A wancan zamani babbar daular da ke yammacinmu ita ce Songai, babban birninta Gawo, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau. Askiya Muhammadu ya karɓi mulkinta a 1493, ya je ya yi aikin hajji, ya dawo ya shiga faɗaɗa ƙasa gabas da yamma. Kanta shi ne mai garin Leka, yana bin Askiya, in an fita yaƙi ya fito da mutanensa. Wajen 1515 Askiya ya ɗaura yaƙi zuwa Agadas, Kanta na cikin rundunar. Aka yi nasara, aka kwaso ganima, aka juyo gida.

Abin da ya biyo baya ba Bakabe ne ya rubuta shi ba, balle a ce son kai. Wani malamin Tambutu ne, Abdurrahmanu Sa'adi, ya kawo shi a littafinsa Tarihus Sudan wajen 1655, shi kuwa mutumin ƙasar Songai ne. Ga yadda labarin yake a taƙaice. Kanta ya zuba ido a ba shi rabonsa, ya ji shiru. Sai ya sami Dandi-fari, wato babban hakimin Askiya mai riƙe da Dandi, Dandin nan da kuka sani ta wajen Kamba da Gaya, ya tuna masa. Dandi-fari ya gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya nace da tambaya, ɗan tawaye za a ɗauke shi. Kanta ya ja bakinsa ya yi shiru. Mutanensa kuwa suka tasa shi gaba suna tambayar ina nasu rabon. Ya gaya musu abin da aka gaya masa, ya ce shi ba zai ɗauki sunan tawaye shi kaɗai ba, amma in suna bayansa zai koma. Suka ce suna bayansa. Ya koma, aka sake hana shi, sai aka gwabza. Kabawa suka tsaya ƙyam, daga ranar Kanta ya fita daga biyayyar Askiya. Wannan a 1516 ke nan. Shekara mai bi Askiya ya aiko da runduna, ta koma ba ta ci komai ba.

Yanzu ku 'yan kasuwa, ku ne alƙalai. Ka haɗa jari da wani babban mutum, kun yi lodin mota zuwa kudu, kai ka kwana a kan buhuna, kai ka sha rana da ruwan sama. An sayar, an ci riba, ya kwashe ya zuba aljihu, sannan yaronsa ya ce maka in ka tambaya ka yi rashin kunya. Wa ya ci amanar wa? Balle kuma a hukuncin ganima, wanda Askiya ya fi mu sani tunda alhaji ne mai zama da malamai, humusi ake cirewa, kashi huɗun da suka rage na waɗanda suka yi yaƙin ne. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne shirun da Kanta ya yi da farko. Bai tashi da zafin kai ba. Sai da ya auna mutanensa, ya ji da kunnensa cewa suna tare da shi. Sharl kambi ya je nema a hannun wani sarki, Kanta kuwa goyon baya ya nema a wurin waɗanda za su riƙe masa mashi.

Songai ba ta haƙura ba. Bayan an tuɓe Askiya Muhammadu, wani Askiya mai suna Muhammadu Bankan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya taso da kansa. Aka haɗu a wani wuri da littafin ya kira Wantaramasa, aka yi masa mummunar karya. Da suka juya da gudu sai suka faɗa cikin fadama, Askiya ya kasa ƙetarewa, sai da wani babban bafadensa ya saɓa shi a wuya ya fid da shi. An ce abin da ya fi damunsa ba karyar ba ce, tsegumin da zai tarar a majalisun Tambutu ne. Ashe tsoron bakin 'yan majalisa ba yau aka fara ba! A zamanin Askiya Dawuda ma rikici ya sake tashi a 1552, aka yi sulhu shekara mai bi.

A nan nake so manoma su saurara da kyau, domin kun fi malaman tarihi sanin sirrin wannan nasara. Ƙarfin manyan daulolin wancan zamani doki ne. To, wa ya taɓa ganin doki ɗauke da mutum da lifidi ya yi sukuwa a cikin laka? Gulbin Kabi in ya cika ya malala, ya bar tabkuna da ɓurmi da laka mai riƙe ƙafa. Baƙo bai san mashiga ba, ɗan gari kuwa ya san inda ƙasa ke da tauri, ya san inda kwalekwale ke bi. Masunta da matuƙa jirage duk nasa ne. Bayan haka ga abinci. Fadama na ba da shinkafa da kifi, tana ba da ciyawa da rani sa'ad da tudu ya ƙone. Yaƙin ƙawanya kuwa yaƙin rumbu ne, wanda abincinsa ya fara ƙarewa shi zai fara tashi. Mai zuwa daga Gawo guzurinsa a bayan raƙumi yake, na Kanta kuwa a bakin ƙofa yake tsiro. Wannan ruwa bai canza hanya ba. Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega can ƙasa yake zuba cikin Gulbin Kabi, su tafi tare su faɗa Kwara. Fadamar da kuke dasa shinkafa da albasa a yau, irinta ce ta kama ƙafar dawakin Askiya.

Shi kuwa Sharl, ɗana na Maiyama, kuɗi gare shi fiye da ƙasa mai kare shi. Da kuɗin ya yi hayar mayaƙa daga Italiya da wasu wurare, kuma ana gab da karon ƙarshe a Nansi wani kwamandan haya ya kwashe mutanensa ya koma wajen abokan gaba.

Kada kuma Baba Alhaji ya yi saurin murna, domin Kanta ba waliyyi ba ne, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Garuruwa uku aka san shi da su: Gungu, da Surame, da Leka. Surame ita ce babba, ganuwarta ta dutse ce da jar ƙasa, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa inda yawancin ganuwa ta tsurar ƙasa ce. Wa ya ɗauko duwatsun? Talakawa ne da mutanen ƙasashen da ya ci. Masu ba da labari suna cewa kowace ƙabila an yanka mata nata sashen ganuwa. An ce Azbinawa sai da aka sa su ɗauko ruwan kwaɓa ƙasa a bayan raƙuma tun daga nesa, ga gulbi kuwa a kusa. An ce Nufawa sun makara, sai aka ce da man kaɗe za su kwaɓa tasu ƙasar. Ko da an ƙara wa labaran nan gishiri, abin da suke nunawa a fili yake: mutanen da suka ajiye su a baki sun tuna da sarki mai nauyin hannu. Wanda ya yi tawaye don an hana shi rabonsa, da ya samu iko shi ma ya karɓi haraji da aikin tilas daga wasu. Ana kuma ba da labarin wani babban jirginsa na ruwa da aka lulluɓe da jan ƙarfe, matuƙa 50 ke tuƙa shi in zai zaga garuruwansa lokacin cikar gulbi.

Da ya kafu, sai ya zama ƙasar Hausa tana tsakanin manyan giwaye biyu, Songai a yamma, Barno a gabas, ga kuma Kabi ta taso a tsakiya tana neman a riƙa kawo mata gaisuwar da ake kai musu. Barno ba ta ji daɗin haka ba. Mai na Barno ya taso da runduna har bakin Surame ya yi mata zobe. A nan ne labarin baka ya kawo wata dabara mai ban tsoro. An ce da mutane suka ƙaranta a kan ganuwa, sai aka jera gawawwakin waɗanda suka mutu, aka tsaga musu baki, aka jingina su da bakuna a hannu. Barebari suka hango mutane tsaye ba sa motsi, kullum haƙora a waje suna musu dariya, sai gwiwarsu ta yi sanyi suka tashi. Da wannan ake danganta maganar nan ta "dariya ba loto". Kanta bai bar su sun tafi salin alin ba, ya bi su har Nguru, cikin Jihar Yobe ta yau, inda aka ce an yi karo bakwai yana rinjaye.

A hanyar komawa ce ajali ya same shi. Ya biyo ta ƙasar Katsina, a wani wuri mai suna Dugul ya tarar da mutanen da suka ƙi bi, aka yi artabu, kibiya ta same shi. Ya cika a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawarsa har Surame suka binne shi a gidansa. Wannan wajen tsakiyar ƙarni na 16 ne, bayan mulkin kusan shekara 40. Mutumin da Askiya biyu suka kasa, da Mai na Barno ya kasa, sai ga shi kibiyar wani da ko sunansa ba a riƙe ba ta gama da shi. Bambancinsa da Sharl shi ne ya bar 'ya'ya maza da gida a tsaye. Zuriyarsa ta ci gaba da sarauta, sunansa ma ya zama laƙabin sarakunan da suka biyo baya. A 1591 sojojin Maroko suka zo da bindigogi suka rusa Songai a Tondibi, Kabi kuwa tana nan daram. Har Sarkin Maroko, Ahmadu Mansur, ya rubuto wa Sarkin Kabi Dawuda takardar barazana, yana zarginsa da ba 'yan gudun hijirar Songai mafaka. Wato tsohon bara ya zama inuwar da jikokin ubangida ke fakewa.

To, yanzu maganar bauta, wadda na ajiye da gangan. Maƙwabcin Baba Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce a littafi take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya kawo cewa ana faɗin Kanta bawan Fulani ne. Kabawa kuwa nasu labarin daban. Suna cewa ubansa Makata ne, mazaunin Kuyambana wadda a lokacin take ƙarƙashin Katsina, uwarsa kuma 'yar Sarkin Katsina ce, shi ya sa har yau Kabawa da Katsinawa suke wasan taubasai. Suka ce da ya rasa sarautar gidansu sai ya yi fushi ya yi yamma, ya zauna cikin Fulani yana kiwo, ya yi suna a fagen dambe, samari suka taru a bayansa. Ku lura, labaran biyu sun haɗu a wuri guda: yaron ya tashi a ruga, yana bin shanun da ba nasa ba. Mai shanu zai ce yaronmu ne, dangin yaro za su ce ɗan sarki ne da ya je neman na kansa. Kun tuna jarumi da mai ganganci?

Ga kuma abin da nake roƙon maƙwabcin ya yi. Tunda littafin Bello ya kafa hujja da shi, to ya sa a karanta masa shafin har ƙarshe. Bello ya rubuta shi shekara 7 kacal bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kabi, wato ba abokin Kabawa ba ne a lokacin. Duk da haka shi ne ya ba da labarin cewa Kanta ya rinjayi Katsina, da Kano, da Gobir, da Zazzau, da Azbin, da wani yanki na Songai. Shi ne kuma ya nuna cewa a ƙasashen nan ba a yi daular da ta kai ta Kabi ba, kuma kufan garuruwansu sun fi duk waɗanda ya taɓa gani. Malami ne da ya faɗi abin da ya ji, ya kuma faɗi abin da ya gani da idonsa. Ba daidai ba ne a tsinci kalma ɗaya a jefi maƙwabci da ita, a bar sauran shafin a rufe. In ma an ɗauka maganar bautar haka take, ni ban ga inda ta rage shi ba. Wanda ya gaji ƙasa irin Sharl ya watsar da ita cikin shekara 10, wanda ya fara da sandar kiwo ya bar gidan da har yau ake naɗa sarki a cikinsa.

Wannan ya tuna mini da lokacin da nake koyarwa a wata firamare, kafin in shigo aikin rediyo. Ina rubuta Hausa Bakwai da Banza Bakwai a allo, na sa Kabi a layi na biyu kamar yadda yake a littafin aji, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe mu banza ne?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa alli ya tsaya mini a hannu. Ranar ban ba ta amsar kirki ba, kuma abin bai bar raina ba. Amsar da ta kamata in ba ta ita ce, wancan jeri maganar zuriyar Bayajida yake yi bisa labarin Daura, ba ma'aunin daraja ba ne, kuma akwai lokacin da wasu daga cikin na layin farko suke kai gaisuwa Surame. In tana saurare yau, to ga bashinta na biya.

Saura kai Malam na Aliero. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Yankinmu ya koma hannun Gwandu. Jega kanta bayan haka aka kafa ta, wajen 1820, a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, Gimbanar nan da harin da Gobirawa suka kai mata yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin. Amma ƙasar ai ƙasar Kabi ce tun fil azal, sunan kuma yana da nauyin da ba a yar da shi. Shi ya sa sababbin masu mulki suka riƙe shi a sarautunsu, kake jin Sarkin Kabin Jega, kake jin Sarkin Kabin Yabo. Su kuwa jikokin Kanta ba su miƙa wuya duka ba. An kashe Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a Argungu a 1849, aka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa su na girmamawa, daga nan bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali. Baba Alhaji, gidajen da suka zubar da jinin juna shekara da shekaru sun zauna a bakin ruwa ɗaya sun ci kifi. Ku da ba abin da ya haɗa ku sai hira, gobe in Allah ya kai mu ka riga shi yin sallama, kai ne babba. Da aka yanke jiharmu daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, sunan daular Kanta aka sa mata, kuma da Bakabe da Bafulatani da Bagimbane duk shi suke rubutawa a takardar shaidar ɗan jiha.

Surame kuwa tana cikin Jihar Sakkwato, ta wajen Binji da Silame. Kufai ne a cikin daji, amma ganuwar dutsen da wuraren ƙofofi suna nan ana gani. Gwamnatin Tarayya ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, a 2007 kuma Nijeriya ta gabatar da shi ga hukumar UNESCO cikin wuraren da take nema a sa a jerin kayan tarihin duniya. Mai son zuwa ya bari sai rani, ya tuntuɓi mutanen yankin kan lafiyar hanya kafin ya tashi, ya kuma nemi ɗan gari ya yi masa jagora. In ka je, don Allah kada ka ɗauko dutse ko kasko ka ce tsaraba. Wanda tafiyar ta yi wa nisa, ya je Argungu, akwai gidan tarihi na Kanta a tsohuwar fadar sarki, wanda aka buɗe a 1958, ya ga makamai da tambura da kayan su na mutanen da. In an kwashe albasa an sami sarari, kuɗin mota ne kawai, a tafi da yara.

Baba Alhaji, muna jiran wasiƙarka ta biyu mu ji yadda kuka ƙare. Mako mai zuwa za mu ɗauki tambayoyin da suka taru kan ruɓewar albasa a rumbu da kuma bashin taki. Kafin nan, ku huta lafiya. Assalamu alaikum.